Ƙanina ya nace sai ya tafi haƙar zinare, me zan ce masa?

Yayar yaro: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina lebura ne a wurin gini, yanzu abokai sun zuga shi zai bi su haƙar zinare. Hujjarsa wai gini ma kisa yake yi, tunda a gabansa abokin aikinsa ya faɗo daga bene ya rasu. Hajiyarmu ko barci ba ta iya yi. Waɗanda suka san aikin, don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon mahaƙi: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Ki riƙe shi da duk ƙarfinki, balle yanzu da damina. Ramin nan ba miƙe yake kamar rijiya ba, a can ƙasa ake karkata ana bin jijiyar dutse, wani ramin ya ratsa ƙarƙashin wani, babu katakon tokara. Da ƙasa ta sha ruwa sai ta zauna wa mutane. Haka aka yi a Shiroro, jihar Neja, a watan Yunin 2024 bayan ruwan sama. Ko bayan damina ba a tsira ba: a Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman da ke yankin Maraɗi, mutum aƙalla 18 suka rasu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne injin jan ruwa da ake kunnawa a cikin rami. Hayaƙinsa na sauke mutum ba tare da ya ankara ba, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙari kuma, in ya je kada ya kawo dutsen gida a daka. Gubar dalma daga irin wannan dakan ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Birkila: Gaskiya yaron bai yi ƙarya ba, Hajiya. Faɗowa daga sama da kuma rodi ya taɓa wayar wuta su suka fi cin rayukanmu. Amma waɗannan ana iya kare su. Ya nemi kamfani mai ba da hular kwano da bel ɗin ɗaure jiki, ya kuma tambaya ko sun yi wa ma'aikata rajista da NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na albashi don haka. A dajin zinare wa zai biya ku diyya?

Yayar yaro: Na gode, Allah ya saka. Baba tsohon mahaƙi, in na haɗa ku a waya za ka yi masa magana? Ya fi jin ta maza.

Tsohon mahaƙi: Ki kira bayan isha'i, insha Allah.