Anastiziya: me za a ce wa uwar yaron da ya ƙware?

1/ Yaro ɗan shekara biyu ya ƙware da ƙwayar gyaɗa, ta wuce maƙogwaro ta sauka hanyar huhu. Za a zura masa bututun ƙarfe mai fitila a ciro ta da ɗan hantsaki. Kafin nan sai an yi masa abin da likitoci ke kira anastiziya, wato ba shi maganin da zai hana shi jin zafi ko motsi yayin aikin. Uwarsa na tsaye bakin ƙofa, da wace kalma za a yi mata bayani?

2/ "Allurar barci" ce a bakin mutane. Sai dai a wannan aiki sau da yawa ba da allura ake farawa ba. Iskar magani ake kara masa a fuska ya shaƙa sannu a hankali, ana so ya ci gaba da numfashi da kansa, don hura masa iska da ƙarfi na iya ƙara tura gyaɗar ciki. To ina allurar?

3/ "Sumarwa" ban yarda da ita ba. Suma faɗuwa ce da babu mai linzaminta, wannan kuwa awo ne.

4/ "Kashe wuri" tana da gurbinta. Haka likita Gustav Killian ya yi a Jamus a 1897: ya kashe maƙogwaron wani manomi da koken, ya ciro masa ƙashi daga hanyar huhun dama yana farke. Babba ke nan. Ƙaramin yaro ba zai kwanta a yi masa haka ba.

5/ Zaɓina "barcin tiyata". Za a ce ai ba barci ba ne, mai barci ko ƙuda ya taɓa masa hanci zai motsa. Gaskiya ne, shi ya sa na liƙa masa "tiyata", don a san barci ne da ake auna zurfinsa. In ya yi sama-sama yaron zai yi tari, maƙogwaro ya damƙe. In ya yi zurfi numfashi ya tsaya. Ga hanyar iskar ƙunci gare ta, kuma likita biyu ke aiki a cikinta lokaci guda, mai ciro gyaɗa da mai tsaron numfashi.

6/ Na biyun shi ne "likitan barcin tiyata". Ma'aikatan asibiti, ku da ke zama da iyaye kullum, ku gwada wannan kalma ta "barcin tiyata" ku gaya mana ko suna fahimta ba tare da gabansu ya faɗi ba.