Bugun zuciyar Baba ya rikice bayan shan magani

Ramatu, Tawa:
Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 68, yana da hawan jini, kullum da safe yana shan Lasilix. Ciwon gwiwa kuma diklofenak yake saye wajen masu talla. Makon nan zazzaɓi ya kwantar da shi har da amai, aka ba shi Coartem na zazzaɓin, da Motilium na amai, da azitromisin na kashe ƙwayoyin cuta. Tun jiya yake cewa zuciyarsa na tsalle, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Zazzaɓin ne ko magungunan?

Dokta Salifu, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malama Ramatu. Allah ya ba Baba lafiya. Kada ya kwana a gida da wannan, ku kai shi babban asibitin Tawa yau, a yi masa elektro, wato gwajin bugun zuciya, da gwajin gishirin jini.

Bayan kowane bugu zuciya kan ɗauki ɗan lokaci kafin ta shirya wa na gaba. Shi ne tazarar da ake kira QT a takardar elektro. Coartem da Motilium da azitromisin duk suna iya tsawaita ta. Ƙwaya ɗaya ga mai jini a jika da wuya ta yi illa, amma uku a jikin dattijo magana ce daban. Ga Lasilix yana fitar da potasiyom, ɗaya daga gishirin jini, ta fitsari, amai ya kwashe saura. In potasiyom ya sauka ƙasa da 3,5 a gwajin jini, QT kuma ya haura milisakan 500, bugun kan juye ya zama na hauka, mutum ya suma, wani ba ya tashi. A asibiti ana tare shi da magneziyom ta jijiya, a mayar da potasiyom a hankali.

Hajiya Mariama, mai farmasi:
Ƴata, Motilium dai a ajiye shi yanzu. Tun 2014 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shi: miligram 10 sau uku a yini, kada ya wuce mako guda, ba a haɗa shi da masu tsawaita QT, kuma hatsarinsa ya fi yawa ga wanda ya haura 60. Coartem kuwa sau shida ake shan sa cikin kwana uku, likita ne zai ce a ƙarasa ko a canza. Ku zuba duk kwalayen a leda ku tafi da su, har na masu talla da jiƙe-jiƙen gida. Ɓoye su ne ke sa a rubuta abin da bai dace ba.

Malam Idi, infirmiye:
Diklofenak ɗin ne ya fi damuna, don ɓarnarsa daban ce. Yana riƙe ruwa da gishiri, ya ɗaga tansiyo, ya rage ƙarfin Lasilix, ya gajiyar da ƙoda, ya kuma ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya. Parasetamol ya fi masa, kada ya wuce gram 3 a yini. In ya ji nauyi a ƙirji yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa mai sanyi, ko numfashi ya yi wuya, a sa shi mota nan take, ba a bayan kabu-kabu ba.

Ramatu, Tawa:
Na gode, Allah ya saka. Mu saya masa ƙwayar potasiyom kafin mu tafi?

Dokta Salifu, Yamai:
A'a, Malama. In ƙodarsa ta taɓu, potasiyom zai taru a jini, yawansa ma yana tsayar da zuciya. Sai an ga sakamakon gwaji.