Neman shawara: zan kai Hajiyarmu biki Kano a Janairu, kuma tana da ciwon fuka

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. A Agege aka haife ni, nan na yi aure, Kano kuwa sau biyu na taɓa zuwa, ina ƙarama. Hajiyarmu 'yar Kano ce, aure ya kawo ta Legas, kuma yau shekara 11 rabonta da gida. Yanzu an sa bikin 'yar ƙaninta a sati na biyu na Janairu. Ƙanin nan shi ne suka daɗe ba sa ga-maciji da juna kan maganar gidan gado, sai bara aka sasanta su, don haka in ba ta je ba cewa za a yi ba ta huce ba. Yayana ya ce shi kuɗin hanya kawai zai bayar, kada a sa shi a ciki. Damuwata ita ce Hajiya shekararta 68 kuma tana da fuka, ga Ilham wata 14. Wata maƙwabciyata ta ce sanyin Kano sai ya kwantar da ita, wata kuma ta ce duk zuzutawa ce. Yaya garin yake a lokacin, me kuma zan tanada?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, maƙwabtan naki duka biyun ba su faɗa miki abin da ya dace ba. Sanyi ba shi ne matsalarki ba, ƙura ce. Janairu tsakiyar hunturu ne. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa 12 ko 13, wani daren ma ƙasa da 10, amma kafin azahar ya koma wajen 28 zuwa 30. Wannan rigar sanyi da bargo sun gama da shi. Abin da bargo ba ya tarewa shi ne hazo. Iskar tana tasowa daga arewa maso gabas, tana kwaso ƙura mai laushi kamar gari daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ba kullum take sauka ba, zuwa take yi kwana uku ko huɗu gari ya yi fari fat, rana ta zama kamar faranti, sannan ya washe, sannan ta dawo. Ga bushewa: danshin iska da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali ƙirjin Hajiya ya saba da na Legas da ke kai 70 zuwa 80. Shawarata ɗaya ce, kada ki kai ta a Janairu. Lokacin baƙo a Kano daga ƙarshen Oktoba ne zuwa ƙarshen Nuwamba: ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya fara sauka, hazo bai yi ƙarfi ba, ga sabon gero da gyaɗa da rake. Ta je ta gaida ƙaninta tun kafin biki, ta ba da gudummawarta, ta dawo.

Maman Ilham: Malam na gode, amma biki fa aka ce. Zuwa kafin biki ai ba zuwa biki ba ne. Kuma maigidana ba ya samun hutu sai ƙarshen Disamba, shi zai riƙe manyan yaran.

Anti Nas: Maman Ilham, ba ki faɗa mana abubuwa uku ba: yaushe fukar ta tashi mata na ƙarshe, wane magani take kai, kuma kwana nawa za ku yi. Masu fuka da yawa suna zaune a Kano shekara da shekaru, don haka ba na ce kada ta je ba, amma da shiri. Ki kai ta wurin likitanta sati 2 ko 3 kafin tafiya, ki gaya masa inda za ta. In tana da abin shaƙa na kullum, wanda ke hana ciwon tashi, kada ta tsallake ko rana ɗaya. Shuɗin abin shaƙar nan na gaggawa kuma ki sayi 2, ɗaya a jakar hannunta, ɗaya a taki, kada a jefa su cikin akwati. Takunkumi ki nemi N95, na yadi ba ya tare ƙura mai laushi. Ɗakin da za ta kwana a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a rufe tagogin da ke kallon gabas da arewa, a shanya jiƙaƙƙen tawul a ciki da dare. Sannan abin da mutane ke mantawa: gidan biki ne. Turaren wuta, hayaƙin icen girki a tsakar gida, da maganin sauro na kunnawa, kowannensu yana iya tayar mata da ciwon fiye da hazon kansa. In ta shaƙi shuɗin ba ta samu sauƙi ba, ko magana ta fara yi mata wuya, ba a jiran gari ya waye, asibiti kai tsaye. Ki san tun ranar da kuka sauka wanne ya fi kusa da ku, na Murtala da ke cikin gari ko na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya.

Baban Khalifa: Ni dai na ce ku gode wa Allah da ba a Afrilu aka sa bikin ba. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu zafi yana kai 40, yana wucewa, dare ma ɗaki kamar tanda. Lokacin ne kuma wutar lantarki take ɓacewa, 'yan garuwa su ƙara wa jarka kuɗi, ƙanƙara ta zama abin nema. Kowace shekara haka, kowace shekara alkawari, ba abin da ya canza. Ga sanƙarau da ƙyanda duk a wannan tsakanin suka fi yawo. Mai sanyi ya ƙara riga, mai zafi me zai cire?

Ɗan Fagge: Baban Khalifa, ba wanda ya tambayi Afrilu. Kuma sanƙarau ba ya jiran bazara, tun cikin hunturu yake farawa saboda ƙurar nan da ke busar da hanci da maƙogwaro, a bazara ne dai yake ƙamari. Annobar sanƙarau ta 1996 ma a watannin rani ta yi ɓarna. Wannan ƙarin dalili ne a kan maganata.

Uwar Biyu: Kowa na ta Hajiya an manta da yarinya. Ilham za ta fi kowa jin bushewa. Man kaɗanya ko basilin, safe da dare, tun jikinta da ɗan danshin wanka, har leɓe da dunduniya, in ba haka ba faso da kaushi cikin kwana uku. Ki ɗan shafa kaɗan a bakin hancinta saboda haɓo. Wanka a bari sai hantsi, wajen ƙarfe 11, da ruwan ɗumi, sau ɗaya ya isa. Kaya kuma kada ki sayo mata jibgegiyar riga guda, ki sa mata biyu ko uku marasa nauyi, ki riƙa ragewa in rana ta ɗaga, da hula da safa na asuba. Ki yawaita ba ta nono da ruwa, don a sanyi yaro ba ya neman ruwa amma jikinsa na bushewa. Gargaɗi babba: duk sanyin da za a yi, kada a shigar muku da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai yi ya wuce. Kayan sanyi kuma ba sai kin ɗauko daga Legas ba, gwanjo na nan a Ƙofar Wambai.

Maman Ilham: Anti, rabon da ya tashi mata sosai tun azumin bara, kuma ita ba ta son abin shaƙar nan, ta ce sabo yake sa wa. Zuma da tafarnuwa take sha. Turaren wuta kuwa ai ba zan shiga gidan kawuna in ce a kashe ba, yanzu aka shirya.

Anti Nas: Ba ya sa sabo, 'yar uwa. Zuma ba ta buɗe hanyar numfashi in ta toshe. In ba za ta riƙe abin shaƙa ba, to ni ma na koma bayan Ɗan Fagge.

Direban Dare: Ta sama za ku ko ta ƙasa? In jirgi ne, ki sani hazo yana hana sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. In ganin gaba ya ragu sosai, sai a jinkirta ko a soke tashi, wani lokaci kwana biyu a jere. Ki yanki tikitin da zai sauke ku kwana 3 kafin ranar kamu, kuma ki riƙa duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, suna fitar da na kwana uku-uku har da gargaɗin ƙura. In mota ce, tafiyar ta fi yini guda, sanyin asuba zai same ku a hanya, ki ajiye bargo a hannu, ki nema mata kujerar tsakiya nesa da taga. A cikin gari kuma kada ki sa ta a Adaidaita Sahu da sassafe ko da magariba, a buɗe yake, ƙura da hayaƙi duk a fuskarta.

Baban Khalifa: Kuma a daina yabon damina ma. Agusta ruwa ya fi yawa, magudanai duk leda ta toshe, ko Kantin Kwari ruwa yana shiga. Mu ne da zuba shara a kwata, mu ne da kuka.

Ɗan Fagge: Ba wanda ya yabi damina. Na ce Nuwamba, kuma ina nan a kan Nuwamba. In kuwa dole sai Janairu, to kwana 4 kacal: ta sauka ana gobe ɗaurin aure, ta kwana a wani gidan dangi da ba a girkin biki, ta shiga ta yi barka da rana tsakanin 12 da 4 lokacin da gari ya ɗumama, ta juyo. Ba zaman sati biyu ba.

Maman Ilham: Sati uku fa ta ce za ta yi, tana son ta zaga dangi har Bichi. Kuma in ta sauka a wani gida ba na kawu ba, wata sabuwar magana ce. Ni dai zan sayi takunkumin da man kaɗanyar. Tikitin ma yayana ya riga ya ce na mota zai biya.

Uwar Biyu: Ita Hajiyar ta san da maganar hazon nan kuwa, ko ke kaɗai kike ta fama?

Maman Ilham: Na gaya mata jiya. Ta ce ita a Kano aka haife ta, ba yau ta fara ganin hunturu ba.