Ta yaya ƙaramin jirgin Najeriya ya isa tsibirin Lost?

Malam Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shirin talabijin na Lost, mai ba da labarin mutanen da jirginsu ya faɗi a wani tsibiri mai ban al'ajabi, ya ƙare tun 2010 bayan zango shida, amma akwai tambayar da ban ji an amsa ta a cikinsa ba. Jirgin da ya faɗi da su, Oceanic 815, ya tashi ne daga Sidni zuwa Los Anjeles, saboda haka faɗuwarsa a Tekun Fasifik ba abin mamaki ba ne. Wanda ya ɗaure mini kai shi ne ƙaramin jirgin da biyu daga cikin fasinjojin, Locke da Boone, suka tarar maƙale a bakin dutse a zango na ɗaya. Kafin su kai gare shi sun ci karo da gawar wani mutum cikin kayan limaman coci, da bindiga da kuɗin Najeriya a jikinsa, a cikin jirgin kuma ga mutum-mutumin Maryamu cike da hodar heroin. A zango na biyu muka gane cewa daga Najeriya ya tashi, ɗauke da Yemi, wanda sojoji suka harba a filin jirgi, wato ƙanen Mista Eko, ɗaya daga cikin fasinjojin Oceanic 815. Jirgi irin wannan ba shi da man da zai tsallake Afirka da teku ya kai can. To, ta ina ya bi?

Hajiya Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam Malam. A ganina ba jirgin ne ya je wa tsibirin ba, tsibirin ne ya tare shi a hanya. Ka tuna a zango na biyar wata dattijuwa mai suna Eloise Hawking ta kai su Jack, jagoran fasinjojin, wani ɗaki a ƙarƙashin coci a Los Anjeles, inda wani ƙarfe ke lilo a kan taswirar duniya, ta kuma bayyana musu cewa tsibirin kullum cikin motsi yake, shi ya sa masu ceto ba su taɓa gano su ba. Idan haka ne, babu abin da zai hana a ce a ranar yana kusa da gaɓar Afirka ta Yamma.

Injiniya Bakatsine:
Hajiya, maganarki tana da tushe, sai dai ni na fi karkata ga Tunisiya, kuma dalilaina uku duk daga cikin shirin suke. Lokacin da Ben, shugaban mazauna tsibirin, ya murɗa katon sitiyarin nan mai motsa tsibirin da ke cikin ƙanƙara a ƙarƙashin tashar Orchid a ƙarshen 2004, bai farka ko'ina ba sai cikin saharar Tunisiya, kuma a watan Oktoba na 2005, wato ya tsallake kusan wata goma a ƙiftawar ido, yana sanye da rigar sanyi a tsakiyar rairayi. Locke ma da ya murɗa shi, a wannan wurin ya faɗo da karyayyar ƙafa. Tun kafin nan an nuna wata mai bincike, Charlotte, tana tono ƙasusuwan farin beyar a hamadar ƙasar, da abin wuya mai tambarin Dharma, ƙungiyar da ta yi bincike a tsibirin, alhali dabbar a keji take a tsibirin.

Duk wanda ya san taswira ya san cewa mai fitar da haramtaccen kaya daga Najeriya a ƙaramin jirgi, idan ya nufi arewa, Sahara zai ratsa. Ra'ayina shi ne ƙofar da take fitar da mutum a Tunisiya tana iya buɗewa ta haɗiye abin da ya gifta ta kanta. Wannan ya fi kwanta mini a rai fiye da a ce tsibiri guda ya taso har gaɓar Afirka ba wanda ya lura.

Malam Ɗan Gwammaja:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ko sau ɗaya ba a nuna wani ya shiga ta ƙofar nan ba. Attajirin nan Widmore ya sa kyamara a wurin, kuma da kansa ya kira shi mafita. Mutumin da ya ƙarar da dukiya yana neman tsibirin, har ya tura jirgin ruwa da sojojin haya, da ana shiga ta nan ai da bai wahalar da kansa ba.

Yaya Asabe:
Ni kuwa na fi damuwa da wanda ya amfana da zuwan jirgin, domin a nan nake ganin amsar take. Jirgin ya kashe Boone lokacin da ya rikito daga dutsen, ya mayar da wani fasinja, Charlie, cikin jarrabawar ƙwaya bayan ya sha wahalar dainawa, sannan ya ajiye gawar Yemi a tsibirin tun kafin yayansa ya iso. A zango na uku Eko ya koma ya tarar gawar ta ɓace, daga nan wani mai kamannin Yemi ya nemi ya tuba, da ya ƙi sai baƙin hayaƙin nan, dodon tsibirin mai rikiɗa zuwa siffar matattu, ya kashe shi. Haka hayaƙin ya yi da siffar Christian, mahaifin Jack, da ta Locke, waɗanda su ma a akwati aka kawo gawarwakinsu. Shi ya sa nake ganin hayaƙin ne ya janyo jirgin, don ya tanadi fuskar da zai yaudari Eko da ita.

Hajiya Maman Ilham:
Yaya Asabe, a nan kam ba zan bi ki ba. Janyo mutane zuwa tsibirin aikin Jacob ne, mai tsaron tsibirin; ɗan'uwansa ma, wato hayaƙin cikin siffar mutum, ya tuhume shi da hakan a bakin teku suna kallon wani jirgin ruwa yana tahowa. Kuma hayaƙin bai dogara da gawa ba, tunda Isabella, matar Richard, hadimin Jacob, ta rasu ne a tsibirin Tenerife a 1867, amma ta bayyana wa Richard a cikin jirgin ruwan Black Rock da ya kawo shi tsibirin, yana ɗaure da sarƙa. Abin da ke cikin zuciyar mutum yake karantawa, kamar yadda ya tsaya a gaban Eko a zango na biyu hotunan rayuwarsa suna walƙiya a cikin hayaƙin. Idan har da hannun wani a zuwan jirgin, to Jacob za a tambaya.