Me za mu kira frigate da Hausa?

Jama'a, taimako nake nema kan kalma ɗaya. A labaranmu duk jirgin da ya ɗauki bindiga a kan teku "jirgin ruwan yaƙi" ne, ko ƙaton nan mai dakon jiragen sama, ko ɗan ƙaramin da ke sintiri a bakin gaɓa. Wanda Turawa ke kira frigate shi ya tsaya mini a rai. Wani da nake kira Baba ya riga ya yi mini gyara, ya ce aikin frigate ba rakiya kaɗai ba ne, mu ari kalmar kawai; zan amsa masa a ƙasa. Ga kuma jirgin da ya jawo tunanin.

Sunansa USS Oliver Hazard Perry. An ƙera shi a garin Bath na jihar Maine a Amurka, ya kama aiki ranar 17 ga Disamba 1977, aka yi masa ritaya a 1997. Shi ne ɗan fari a danginsa, Amurka ta ƙera wa kanta 51 irinsa, daga baya wasu suka koma hannun Masar da Turkiyya da Pakistan. An yi su ne lokacin yaƙin cacar baka don su raka jiragen kaya da na mai su ƙetare teku lafiya, suna kasa kunne ga jiragen ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyet, suna kuma tare abin da zai faɗo daga sama.

Mai sunan kuwa matashin hafsan sojan ruwan Amurka ne, shekararsa 28 lokacin da ya gwabza da Ingila a tafkin Erie da ke kan iyakar Amurka da Kanada ranar 10 ga Satumba 1813. An yi wa jirginsa Lawrence ruwan igwa har yawancin mutanensa suka mutu ko suka jikkata. Maimakon ya sauke tuta, sai ya naɗe tutar yaƙinsa ya faɗa ƙaramin kwalekwale, ana harbi ana tuƙi, har ya hau wani jirgin nasu mai suna Niagara. Da shi ya keta sahun abokan gaba, jiragen Ingila shida duka suka shiga hannu. Cutar shawara ce ta kashe shi kusa da tsibirin Trinidad a 1819, ranar da ya cika shekara 34.

To, mu koma kan kalma. Da farko na so "ɗan rakiya", don gajere ne, baki ya saba da shi. Amma ku tuna yadda muke faɗinsa. Idan aka ce wane ɗan rakiya ne a zaɓe, ana nufin cika layi kawai ya zo yi. Ba zan iya liƙa wa waɗannan jirage wannan suna ba. A watan Mayun 1987 jirgin saman Iraƙi ya harbi ɗaya daga cikinsu, USS Stark, da makamai masu linzami biyu a tekun Fasha, sojojin ruwa 37 suka rasu, sauran suka yi ta fama da wuta har suka ceci jirgin. Shekara ta zagayo, USS Samuel B. Roberts da aka tura rakiyar tankokin man Kuwait ya taka nakiya, shi ma bai nutse ba. Rakiya irin wannan da rai ake yin ta.

Na duba "dogari", na ga ya cika jingina da fada. "Jagaba" ya ja hankalina, don kakanninmu fatake sun san ayari da madugu da mai shige gaba, kuma jerin jiragen kaya a teku ayari ne sak. Sai dai jagaba hanya yake nunawa, shi kuwa wannan tsaro yake yi. Shawarata ita ce "jirgin yaƙin rakiya". Kalmar yaƙi da ke tsakiya ta kawar da rainin nan.

Baba, na ga gyaranka, Allah ya ƙara girma. Gaskiyarka ne, a zamanin Perry frigate jirgin filafilai ne mai sauri, ana aika shi leƙen asiri da farautar jiragen abokan gaba, ba rakiya kaɗai ba. Kuma Lawrence da Niagara ba su ma kai girman frigate ba, sai bayan yaƙin Perry ya jagoranci na gaske a teku, USS Java. Amma Baba, mai sauraron rediyo jirgin yau za a ba shi labari, kuma ko a wancan zamanin rakiyar jiragen fatauci na cikin aikinsa. Da ka ce mu ari kalmar kawai mu ce "firiget" kamar yadda muka yi da mota da soja, ban ƙi ba ga wanda ya riga ya san jirgin. Ga wanda bai taɓa ganin teku ba, sunan da ke faɗin aikin zai fi zama masa a kai.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne rundunar ruwan Najeriya ma na da nata frigate, an ƙera shi a Hamburg ta Jamus, ya kama aiki a 1982, kuma sunan Hausa aka raɗa masa: NNS Aradu. Tun da jirgin ya samu suna daga harshenmu, ina so a gobe mai karanta labarai ya iya cewa "jirgin yaƙin rakiya Aradu ya bar tashar Legas", kowa ya gane. Idan Baba ya amince, a haka zan riƙa rubutawa, "firiget" kuma ya zama na taƙaitawa.