Tsohuwar sabarmu ta gaji: Essentials za mu saya ko Standard?

Ɗan Singa:
Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da ofishin wani kamfanin sarin kayan masarufi a Kano. Mu 19 ne, kwamfuta 14 da firinta biyu. Sabarmu, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke haɗe da ita, Windows Server 2012 R2 Essentials ce, ɗan ƙanin maigida ne ya haɗa ta kafin ya koma Abuja, tun daga nan ba mai taɓa ta sai mai shara. A kanta manhajar lissafi take, da rasit da littafin bashin 'yan sari na shekara tara. Yanzu in aka ɗauke wuta aka tada inji, sai ta yi minti goma sha biyar tana gurnani, ga direbobi tsaye a bakin taga suna jiran takardar lodi. Wani injiniya ya ce tun Oktoban 2023 aka daina turo mata gyaran tsaro, mu sayi Standard, wato nau'in Windows Server da ya fi Essentials girma. Da Alhaji ya ga kuɗin, hularsa ya cire ya ajiye a tebur, bai ce uffan ba. Don Allah wacce ta dace da mu? Kuma ya za a kwashe kayan ba tare da an rufe ofis ba?

Injiniya Zazzau:
Wa alaikumus salam. Maganar Oktoban 2023 gaskiya ya faɗa maka. Amma Standard ba dole ba ce. Essentials na ɗaukar mutum 25 da na'ura 50, kuma ba a sayen lasisin kai, wato CAL. A Standard kuwa sai ka biya lasisin kor 16 (kor shi ne kowane sashen aiki na ƙwaƙwalwar injin) ko da injin bai kai haka ba, sannan kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta da nata CAL ɗin. Abin da ya cire wa Alhaji hula kenan.

Sai dai kada ka zaci Essentials ɗin yau irin taku ce. Tun daga ta 2019 aka cire allon nan mai sauƙi da kuke ƙara ma'aikaci a kansa, da ajiye kwafin kwamfutocin ofis da take yi da kanta cikin dare. Ta 2022 kuma ba a sayar da ita a ware, tare da sabon inji take zuwa daga masu ƙera shi, kuma kor 10 ne iyakarta. Duk wanda ya ce zai turo maka lambar lasisinta ta WhatsApp a kan 'yan kuɗi, ka yi masa godiya kawai.

Hajiyar Lissafi:
Malam, ka fara tambayar Alhaji ko yana da niyyar buɗe reshe. Mu muna 21 muka sayi Essentials, shekara ba ta zagayo ba aka ɗauki 'yan mata shida a sashen talla. Mun biya sau biyu. In kun san za ku haura 25, a ci zafin yanzu.

Injiniya Zazzau:
Hajiya ta yi gaskiya. Batun ƙaura kuma, kada a ɗora sabuwar manhaja a kan tsohon injin. A kawo sabon, a shigar da shi domen ɗinku, wato tsarin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da kwamfutocin ofis, sunaye da kalmomin sirri su kwafu, a mayar masa da ragamar domen ɗin wadda ake kira FSMO, sannan a bi da fayiloli. Daga ranar da aka karɓe ragamar, kwana 21 tsohuwar ke da shi kafin ta fara kashe kanta, don haka kada a fara ana jibi Sallah. Kafin komai a ɗauki kwafi a faifan waje, a gwada dawo da fayil ɗaya a gani da ido. Na taɓa zuwa ofishin da suka shekara biyu suna saka faifai kowace Juma'a, da muka buɗe babu komai a ciki. Ka kuma kira masu manhajar lissafinku, ka ji ko wadda ke hannunku za ta hau Windows Server 2022.

Na Maradi:
Ni fa da fayiloli kaɗai ne, ƙaramin akwatin ajiyar fayiloli na Synology ya ishe ku. Manhajar lissafin ce ta ɗaure ku. Kome kuka saya dai a haɗa da UPS mai kyau, a kuma ɗaga injin daga ƙasa, ƙurar hunturu ba ta san sabo ba.

Ɗan Singa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi ofis da biro na ƙirga. Ashe mutum uku da suna ɗaya suke shiga, kalmar sirrin ma a manne take jikin allon kashiya. Laftof huɗu kuma Windows Home ne, injiniyan ya ce ba sa shiga domen sai an mai da su Pro. Maganar reshe na yi wa Alhaji, ya ce in bari sai ya dawo daga Legas ranar Laraba. Faifan waje dai na saya yau, kwafin yana tafiya, ya kai kashi 40.