Wai mi za mu kira "watershed" da Hausa?

Jama'a ku taimaka man da kalma. An ba ni wata takarda kan aikin ACReSAL, shirin nan da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wai in karanta ma manoman garinmu ranar kasuwa. Zaizayar ƙasa, kwazazzabo, dashen itace duk ban sha wahala ba, sai na zo kan watershed na tsaya cak. Ko a sunan NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa da aka yi kafin wanga, harafin W ɗin ita ce, amma ban taɓa jin wanda ya fassara ta yadda ta kwanta man a rai ba.

Abin da take nufi dai shi ne duk faɗin ƙasar da in an yi ruwan sama a kanta, ruwan rafi guda zai faɗa. Mu da ke gindin dutse wajen Kwatarkwashi mun san abin ko ba mu da sunanshi, ruwan farko in ya sauka ƙoramar bayan gari ja take zuwa kamar an dama kunun kanwa, mata su ɗebo su jefa alam a randa, da safe ka ga laka ta kwanta a gindi ta kai kaurin yatsa. Lakar nan gonar wani ce can sama da aka sare itacenta aka yi huɗa ta bi gangare.

Wani daga Gusau: Magudanar ruwa mana, mi za a tsaya wahala.

A'a yallaɓai, ka ce magudana kowa kwalbati da kwata zai tuna, sai su ɗauka kwangilar siminti aka kawo.

Wata malama daga Talata Mafara: Ni dai na fi son matattarar ruwa. Madatsa kam kar ma a kawo ta, wannan ta dam ce irin Bakolori.

Malama matattara ta kusa, sai dai tana nuna wurin da ruwan ya taru ne kawai, ita ko kalmar ga har da inda ya fito take nufi. Misali Kogin Sakkwato, daga wajen Funtuwa ya taso ya bi ta Gusau ya shiga Bakolori da aka gama a 1978, ya wuce Argungu har ya faɗa Neja. Yashin da ke kwanciya a dam ɗinku ai daga gonakinmu yake gangarowa, to kalmar da nike nema ita ce wadda za ta haɗa mu da ku a ciki.

Wani dattijo daga Zuru: Yaro kai da bakinka ka faɗe ta, ka ce gangarowa. Magangara. Mu nan da muke noma a jikin tudu, in muka jera duwatsu a gicciye don su rage ma ruwa gudu, a magangara muke jerawa. Ka dasa jema ko gamba a bayan duwatsun, saiwarsu ta riƙe ƙasa, ruwa ya tsaya ya sauke lakarshi sannan ya wuce.

Wani ɗalibi: Baba amma magangara ai gangare ce kawai. Kuma a Ingila kalmar watershed asalinta tana nufin doron tudun da ya raba ruwa biyu, wanga ya yi gabas wancan ya yi yamma.

Dattijon: To sai ka liƙa mata sunan ruwan. Magangarar Gagare, magangarar Gulbin Ka, kowa ya san wace ƙasa ake nufi. Shi kuma doron ka ce marabar ruwa, shi ke nan Bature ya matsa kalma guda mu mun yi biyu.

Baba Allah ya ƙara girma, wallahi na ɗauka. Na gwada ta a bakin kawuna da magariba, na ce mashi gonarka tana cikin magangarar ƙoramar bayan gari, bai tambaye ni ma'ana ba, sai cewa ya yi ai shi ya sa kullum yake faɗa da masu kwasar yashi. Saura gabion, wannan ragar waya da ake cikawa da duwatsu a tare bakin kwazazzabo, ni dai kwandon dutse na rubuta da fensir kafin in ji ta bakinku.